Finafinan Kaboyi Uku Masu Jiran Jirgin Ƙasa: Wanne Za Ka Fara Kalla?

Ƙanina ne ya tsare ni da tambaya wata Juma'a da yamma, wayarsa a hannu. Ya ce, "Yaya, kullum sai ka yi zancen tsofaffin finafinan kaboyi masu jirgin ƙasa. Datar da ta rage mini ta fim ɗaya ce. Wanne zan sauke?" Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai guda uku suka faɗo mini a rai lokaci ɗaya: High Noon na 1952, da 3:10 to Yuma na 1957, da Once Upon a Time in the West na 1968. Dukkansu labarin jiran jirgi ne. Amma abin da jirgin yake ɗauke da shi a kowanne daban ne, kuma irin haƙurin da kowanne yake nema wurin mai kallo ma daban ne.

Sai mutum ya san abin da ya haɗa kaboyi da jirgi kafin zaɓin ya yi masa sauƙi. A 1862 Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar shimfiɗa layin dogon da zai ratsa Amurka daga gabas zuwa yamma. Kamfanin Union Pacific ya taso daga Omaha ya nufi yamma, Central Pacific ya taso daga Sacramento ya nufi gabas, suka haɗu a Promontory da ke Utah ranar 10 ga Mayun 1869. Tafiyar da a da take cin watanni a keken dawaki ta koma kamar mako guda. Shi kansa kaboyin da muke gani da hula da igiya, jirgi ne ya samar masa da sana'a: daga 1867 aka fara koro shanu daga Texas zuwa Abilene a Kansas, don a nan ne tasha take, a loda su a tarago a kai kasuwannin gabas. Da layin dogo ya ƙara yaɗuwa ya matso kusa da makiyaya, doguwar korar ta daina amfani. Jirgin da ya ba kaboyi abinci shi ya karɓe masa. Shi ya sa a waɗannan finafinai, da zarar ka ji kukan jirgi ka san wani abu zai ƙare.

Akwai waɗanda na ajiye gefe tun farko. The Great Train Robbery na 1903 minti goma sha biyu ne kacal, kuma a New Jersey aka ɗauke shi, can gabas; ka kalle shi wata rana don ka ga inda abin ya faro. The Iron Horse na John Ford, 1924, ba magana a ciki, ga tsawo. Union Pacific na Cecil B. DeMille, 1939, yana da jirage masu yawa da hatsari da hayaniya, in kallon kan jirgi da tarago kawai kake so zai cika maka ido. Sai dai The Iron Horse da Union Pacific yabon kamfani suke yi. Ƙabilun asalin ƙasar da aka ratsa gonakinsu da wuraren farautarsu ana nuno su a matsayin mahara, Sinawa fiye da dubu goma da suka fasa duwatsun Sierra Nevada kuwa labarin ba nasu ba ne. Ko a shahararren hoton nan na ranar haɗuwar layukan da wuya ka nuna Basine ɗaya. Butch Cassidy and the Sundance Kid na 1969 yana da daɗin kallo, kuma wurin da suka zabga nakiya ta yi yawa ta tarwatsa tarago yana da tushe a fashin da aka yi wa jirgin Union Pacific a Wilcox, Wyoming, cikin Yunin 1899. Amma a can jirgi asusu ne kawai da ake fasawa.

To, mu koma kan ukun.

High Noon shi ne mafi gajarta, minti 85, baƙi da fari, Fred Zinnemann ya ba da umarni. Gary Cooper ne Will Kane, ɗan dokan garin Hadleyville. Da hantsi aka ɗaura masa aure da Amy, wato Grace Kelly, ya ajiye aiki zai bar gari. Ba a gama gaisuwar biki ba sai ga saƙon tangaraho: an saki Frank Miller, mutumin da Kane ya kama aka yanke wa hukunci, kuma yana cikin jirgin ƙarfe goma sha biyu na rana. Yaransa uku tuni suna tasha suna jira. Abin da ya sa fim ɗin ya yi suna shi ne lokacin da ke cikin labarin kusan daidai yake da lokacin da kake zaune kana kallo. Kusan kowane ɗaki Kane ya shiga akwai agogo a bango. Ya je wurin alƙali, alƙali yana haɗa kayansa. Ya je mashaya, aka yi masa kallon hadarin kaji. Ya shiga coci ana tsakiyar ibada ya roƙi taimako, aka yi ta muhawara, daga ƙarshe kowa ya samo dalilinsa na zama a kujera. Tsakanin kowace ƙofa da aka rufe masa, sai a nuno maka layin dogo daga ƙasa, ƙarafa biyu sun miƙe har inda ido ya tsaya, babu komai a kansu sai rana.

Wannan hoton na layin da babu kowa shi ne ƙarfin fim ɗin. Jirgin bai iso ba amma ya riga ya mallaki garin. Kuma akwai gaskiyar tarihi a ƙarƙashinsa: kafin zuwan jirgi kowane gari a Amurka da rana yake saita agogonsa. Kamfanonin jiragen ƙasa ne suka raba ƙasar zuwa shiyyoyin lokaci ranar 18 ga Nuwamban 1883, gwamnati ba ta mayar da abin doka ba sai 1918. Wato jirgi ne ya koya wa mutanen can cewa ƙarfe goma sha biyu ƙarfe goma sha biyu ce, ba "in rana ta take" ba. Ana saura minti biyu, Kane yana zaune yana rubuta wasiyya, sai a riƙa nuno fuskokin mutanen gari ɗaya bayan ɗaya tare da bugun kiɗa da lilon agogo, can sai jirgi ya yi kuka. Duk sau nawa na kalli wurin nan sai gabana ya faɗi.

Inda na ga ya gaza shi ne wajen bos. An shafe sama da awa guda ana gina maka tsoron Frank Miller, da ya sauko daga jirgi sai ka ga mutum ne kawai da bindiga, ba ka san komai game da zuciyarsa ba. Da jirgi ya iso, aikinsa ya ƙare, sauran harbe-harbe ne a lungu. Fim ɗin ya fi damuwa da mutanen gari matsorata fiye da maharan, kuma da dalili: Carl Foreman da ya rubuta shi yana cikin waɗanda aka hana aiki a Hollywood lokacin farautar 'yan gurguzu, ya ga yadda abokai suke janye jiki. Jarumin finafinan kaboyi John Wayne ya tsani fim ɗin, har shi da darakta Howard Hawks suka yi Rio Bravo a 1959 a matsayin martani. Duk da haka High Noon ya ci kyautar Oscar huɗu, ciki har da ta Cooper.

3:10 to Yuma ya juya lissafin. A High Noon jirgi ne zai kawo masifa gari. A nan jirgi ne zai ɗauke ta, in har an kai ta tasha da rai. Delmer Daves ya ba da umarni, daga gajeren labarin Elmore Leonard na 1953, tsawonsa minti 92, shi ma baƙi da fari. Van Heflin ne Dan Evans, makiyayi a kusa da Bisbee cikin Arizona. Fari ya daɗe, shanunsa suna mutuwa, dala 200 yake nema ya sayi izinin shayar da su a rafin maƙwabci, ya rasa mai ba shi rance. Sai aka kama ƙasurgumin ɗan fashi Ben Wade, wanda Glenn Ford ya fito a matsayinsa, mai kamfanin keken dawakin da aka yi wa fashi ya sa ladan dala 200 ga duk wanda zai raka shi garin Contention ya saka shi a jirgin ƙarfe uku da minti goma, mai zuwa gidan yarin Yuma. Gidan yarin na gaske ne, an buɗe shi a 1876, an rufe a 1909.

Ka lura da bambancin mutanen biyu. Kane ɗan doka ne, aikinsa ne, kuma shi ake nema. Dan ba ruwansa. A farkon fim ma a gaban idonsa da na 'ya'yansa aka yi fashin, ya tsaya yana kallo, bai ce uffan ba. Talauci ne ya ɗora masa bindiga a kafaɗa. Wanda ya taɓa ganin damina ta yi gardama, ya ga magidanci yana ɗaga kai sama kowace yamma yana lissafin abin da ya rage a rumbu, ba sai an yi masa fassarar halin da Dan yake ciki ba.

Kusan rabin fim ɗin a ɗaki ɗaya yake, saman benen wani otal a Contention. Wade yana kwance a gado da ankwa a hannu, hula ta rufe masa rabin fuska, yana fito a hankali. Dan yana kan kujera kusa da taga, bindiga a cinya, gumi yana tsattsafo masa. Wade ba ya zagi, ba ya ɗaga murya. Yakan tambayi Dan shekara nawa zai yi kafin ya tara abin da za a ba shi a yau in ya sauke bindiga ya buɗe ƙofa. Ya yi tayi, ya yi shiru, ya ƙara tayi, har kuɗin ya kai dubbai. Ya yabi matar Dan, ya ce mace irin wannan ba ta cancanci wahala haka ba. Maganar tana yi wa Dan zafi ne domin ya san akwai gaskiya a ciki. Daren da ya gabata ma a gidan Dan ya ci abinci, a tebur ɗaya da yara, Dan ne ya yanka masa nama saboda ankwa. Wannan bos ne da za ka ji kana son sa, sannan ka tuna da idonka ka ga ya harbe mutum biyu a farkon fim, ɗaya ma yaronsa ne, ko gezau bai yi ba.

A High Noon jarrabawar a waje take: wa zai taimake ni? A Yuma a cikin ƙirji take: nawa ne farashina? Mutanen Contention ma sun watse kamar na Hadleyville da suka ga yawan yaran Wade, amma fim ɗin bai ɓata lokaci yana yi musu wa'azi ba. Wanda ya tsaya da Dan shi ne mashayin gari da kowa ya raina, kuma abin da ya same shi ne ya sa dala 200 ta fita daga lissafin baki ɗaya.

Ga mai son jirgi zalla, gaskiya sai a mintunan ƙarshe zai gan shi. Sai dai a nan ne Daves ya fi Zinnemann. Jirgin Yuma da ya iso, shi ne filin dagar. Tururi ya turnuƙe tasha, mutane suna ɓacewa suna bayyana a cikinsa, ƙafafun jirgi sun fara juyawa, ƙofar taragon kaya tana wucewa a buɗe, dole a yanke shawara kafin ta wuce. Ba zan faɗi abin da ya faru ba. Wasu suna cewa ƙarshen ya yi daɗi da yawa, ɗan fashi ba ya yin haka. Ni na yarda da shi, domin duk awannin da suka yi a ɗakin nan ba Dan kaɗai ake aunawa ba. Abu ɗaya ka kiyaye: an sake yin fim ɗin a 2007 da Russell Crowe da Christian Bale, mai launi, harbi ya fi yawa, ƙarshensa ma daban. In ka rubuta sunan a intanet shi zai fara fito maka, don haka ka duba shekara.

Once Upon a Time in the West kuwa wata duniya ce. Sergio Leone ɗan Italiya ne, ya ɗauki yawancin fim ɗin a Sifaniya da ɗakunan ɗaukar fim na Roma, ya je Monument Valley a Amurka ya ɗauko wasu wurare. Ya haddace finafinan kaboyin Amurka, ya buɗe nasa da abin da High Noon ya riƙa nunowa a gutsure: mutum uku suna jiran jirgi a tasha. Zinnemann yakan leƙa su na 'yan daƙiƙu ya koma gari. Leone ya zauna tare da su sama da minti goma, babu kiɗa, kusan babu magana. Famfon iska yana ƙara ƙiii-ƙiii. Na'urar tangaraho ta dami ɗaya daga cikinsu, ya fizge wayar. Ruwa yana ɗiga daga tanki a kan wani, ɗan wasa Woody Strode, bai matsa ba, hularsa kawai ya sa, ruwan ya taru a bakinta, ya cire ya shanye. Ƙuda ya sauka a fuskar Jack Elam, ya hura, ya murguɗa baki, daga ƙarshe ya kama shi a bakin bindiga ya toshe da yatsa yana sauraron kukansa. Jirgi ya iso da ƙara mai tsaga kunne, aka jefo wani ƙunshi, ba wanda ya sauko. Sun juya za su tafi, jirgi ya ja, sai ga Charles Bronson tsaye a ɗaya ɓangaren layin yana busa ɗan abin busarsa. In wannan buɗewa ta kama ka, sauran awa biyu da rabi za su wuce ba ka sani ba. In ta gundure ka, kada ka wahalar da kanka, haka fim ɗin yake tafiya har ƙarshe.

A cikin ukun shi kaɗai ne labarinsa na layin dogo ne tun daga tushe. Wani mutum, McBain, ya sayi fili a tsakiyar hamada ana yi masa dariya. Abin da ya hango shi ne a duk yankin nan kaɗai ake da ruwa, injin tururi kuwa ba ya nisa sai ya sha, don haka dole layi ya bi ta filinsa. Sharaɗin da ke kansa shi ne ya gina tasha kafin layi ya iso. Attajirin jirgi, Morton, yana son filin. Tarin fukan ƙashi yana cin jikinsa, yana zaune a taragonsa na alfarma yana kama ƙarafan da aka rataya masa a rufi in zai motsa, a bango ga zanen teku, burinsa ya ga Tekun Fasifik kafin ya mutu. Mai yi masa aikin ƙazanta shi ne Frank, kuma Leone ya ba Henry Fonda wannan matsayi da gangan, mutumin da Amurkawa suka saba gani a matsayin mutumin kirki. Sai Claudia Cardinale, a matsayin Jill, amaryar McBain, ta sauko daga jirgi a garin Flagstone ta tarar ba wanda ya zo tarbarta. Ta dubi agogon tasha, ta dubi nata, ta shiga ofis, kyamara ta ɗaga ta haye rufin tasha, gari sabo fil yana ginuwa a gabanka, kiɗan Ennio Morricone ya tashi. Cikin duk finafinan kaboyi ban san wurin da ya fi wannan kyau ba.

Wannan lissafi na McBain ba baƙo ba ne a wurinmu. Layin dogo ya iso Kano a 1911, cikin 'yan shekaru cinikin gyaɗa ya bunƙasa, kamfanoni suka yi layi kusa da tasha, aka tara dalar gyaɗa tana jiran tarago. Filin da jiya jeji ne ya zama wurin da kowa yake so. Leone ya fahimci cewa inda layi zai bi, can kuɗi zai bi, kuma mai bindiga ma yaron mai kuɗi ne. Morton yana nuna wa Frank haka da damin takardun kuɗi a aljihun tebur. A ƙarshen fim ma'aikata ne cike da allo, farare da baƙaƙe da Sinawa, suna ɗora katako suna buga ƙusa, Jill tana zagayawa da ruwa tana ba su, masu bindiga kuwa wasu sun mutu, wanda ya rage ya kama hanya.

Matsalarsa ga mai farawa biyu ce. Ta farko tsawo: minti 165 ne, kuma lokacin da aka fara nuna shi a Amurka an yanke kusan minti ashirin, bai yi kasuwa ba, alhali a Faransa cincirindo aka yi ta yi. In ka ga wanda bai kai awa biyu da minti arba'in ba, yankakke ne. Ta biyu, allon waya yana cutar da shi. Leone yakan ajiye mutum ɗan mitsitsi a gefe ɗaya na fili mai faɗi, sannan ya cika allo da ido biyu. A waya rabin wannan ya tafi, ƙananan sautukan nan na iska da ɗigar ruwa ma sai da abin ji na kunne mai kyau. Ga kuma cewa daɗinsa yana ninkuwa ne in ka riga ka kalli waɗanda yake yi wa gaisuwa. Wanda bai ga yaran Miller a tashar Hadleyville ba, bai san da wa Leone yake zance a minti goman farko ba.

Batun Turanci ma abin dubawa ne. Na Leone maganarsa kaɗan ce, ko ba ka ji sosai za ka bi shi da ido, sai dai zancen filin da gwanjonsa yana buƙatar natsuwa. High Noon labarinsa a miƙe yake, agogo ma yana yi maka bayani. Yuma ne ya fi dogara da magana, domin makamin Wade harshensa ne. In Turancin Amurkawa yana yi maka sauri, ka nemi mai rubutu a ƙasa. Wajen kallo da iyali, biyun farko sun fi sauƙi. Na Leone yana da kisan yara tun farkonsa da wasu wurare na manya, ba na zama da ƙanana ba ne.

In kana da babban allo da yammaci guda da ba wanda zai kira ka, kuma ka taɓa kallon kaboyi ko da biyu ne, ɗauki na Leone, shi ne babbansu. In abin da kake so shi ne ka ga yadda ake ɗaure mai kallo da agogo da layin dogo kawai, ko kai mai sha'awar koyon harkar fim ne, High Noon makaranta ce.

Ƙanina kuwa waya gare shi, ga data ƙalilan, kuma bai taɓa zama ya kalli baƙi da fari har ƙarshe ba. Na san shi da son labarin da mutum biyu suke auna juna. Na ce masa ya sauke 3:10 to Yuma, na 1957, wanda Glenn Ford yake ciki. Ɗaki ɗaya da fuska biyu ba sa rasa komai a ƙaramin allo. Bayan sallar isha'i ya shige ɗaki da abin jinsa a kunne. Wajen ƙarfe goma da rabi ya leƙo ya ce, "Yaya, in kai ne Dan, da ka karɓi kuɗin?"